Rigar Siminti a Jikin Ginin Baba

Mun tashi daga Sakkwato ranar Talata, ana idar da sallar asuba, ni da wani birkila na ofishinmu. Ku da kuka saba karanta 'yan labaran tafiyata kun san ni da surutu a kan hanya da abinci, kuma wannan karon ma ba za ku rasa su ba. Sai dai tafiyar ba ta ganin gari ba ce. Wasiƙa ce ta tashe ni, wadda limamin ƙauyenmu, can gaba da Rara, ya rubuto mini da ajami. Ya ce masallacin da mahaifina ya gina yana neman faɗuwa. Tun daminar bara bangon gabas ke fitar da damshi, ran nan kuma wani ɓangare ya ɓallo daga sama ana tsakiyar sallar la'asar, Allah ya kiyaye bai sami kowa ba. Yanzu a gindin gawo ake salla, kuma dattawa sun ce in ba a yi wani abu ba kafin ruwan fari, za su rushe shi su kafa rumfar kwano. A ƙarshen takardar ya ce sun rasa bakin da za su gaya wa tsoho.

Mahaifina magini ne, kakana ma haka. Ni ne na bauɗe, aka kai ni makarantar boko, na fito mai zana gini a takarda, wanda rabonsa da cuɗa ƙasa da ƙafa tun yana ƙarami. Masallacin nan shi ne aikin Baba na ƙarshe kafin idonsa ya tafi. Ba wani babba ba ne, sahu huɗu yake ci, amma rufinsa a kan bakan gizo yake, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke tasowa daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a sama. Baka biyu ne suka gitta juna a tsakiya, irin wanda magina ke kira ɗaurin guga. Har daga Rabah mutane kan zo su ɗaga kai su duba.

To ga inda laifina ya shigo. Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa injiniya ne mai son tsofaffin gine-gine kamar me. Shekara uku da suka wuce ya nuna mini wani littafin hotuna na majami'un kakanninsa, coci-coci manya da ƙanana, da gidajen masu ibadarsu da suka keɓe kansu daga duniya, a ƙasar Faransa da Ingila da Italiya. Ya ce irin wannan gini da Rumawa ake danganta shi, domin a kangayensu aka koyi lanƙwasa baka ya zama rabin da'ira cif. Ina buɗe shafin farko na ga bakan Baba, sai dai da dutse. Bango mai kauri, taga 'yar mitsitsiya, ginshiƙi gajere kakkaura, har da ɗaurin gugan. Da ya ce mini wasunsu sun haura shekara ɗari takwas a tsaye, sai kishi ya turnuƙe ni. Na ce ashe nasu zai yi ɗari takwas, na ubana kuwa in aka yi shekara biyu ba a yi masa yaɓe ba sai ya fara zaizayewa? Na sayi siminti, na tura wannan birkilan ya shafe masallacin ciki da waje da bisa, sumul. Ni ban je ba. Aiki ya yi mini yawa, ko in ce haka na gaya wa kaina. Yanzu ko ban gani ba na san abin da ya faru: siminti ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ya rasa ta inda zai fita.

Shirina shi ne in fara biyawa ta Goronyo, inda Baba ke zaune wurin yayata tun da ya makance, in ɗauko shi, don babu wanda ya san cikin ginin nan sai shi. Na sake aro littafin hotunan na sa a jaka, ina jin ko zai taya ni bayani. Abin da ban shirya ba shi ne yadda zan buɗe baki in gaya masa.

Motar da muka samu ta 'yan albasa ce, za ta Wurno ɗauko kaya, muka zauna a kan buhunan wofi a sule ɗaya-ɗaya. Kafin mu yi nisa rigata ta ɗauki ƙamshin da har yau bai gama fita ba. Hanyar ba laifi in dai ba a zo yashi ba, in aka zo kuwa direba ba ya ko waiwayowa, sai dai ya bugi jikin ƙofa, kowa ya san ma'anarsa, a sauka a tura. Sau uku muka tura, kuma duk ukun abokin tafiyata yana daga gefe yana ba da umarni. Mutumin kudu ne, Kirista, ya shekara ashirin a Sakkwato, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma ban taɓa ganin mai son fura irinsa ba. Tun daga tasha yake tuna mini wai shi dama ya faɗa a lokacin, ƙasa da siminti ba sa ga-maciji. Ni dai ban tuna ya faɗa ba, kuma na san ladan aikinsa bai bar ko ahu ba, amma ba ni da bakin musu.

Mun shiga Wurno rana ta take. Garin a kan tudu yake, ga duwatsu, in ka tsaya daga sama kana hango fadama shimfiɗe kore shar a tsakiyar bazara, albasa da rake da 'yan jigo suna ta sunkuyawa suna ɗagowa. Muka rabu da birkila a bakin kasuwa, ni na tafi hubbare, wato kabarin Sarkin Musulmin da aka binne a garin, na yi ziyara. Akwai mutanen da suka zo daga nesa ƙwarai, ƙafa duk faso, suna zaune shiru suna addu'a, na zauna cikinsu na roƙi abin da ban iya faɗa wa kowa ba. Da na fito na tarar da mutumina ya riga ya gama da ƙwarya guda ta fura, yana cinikin ta biyu. Furar Wurno ta kwabo biyu sai ka yi da gaske, ga nono mai kauri. Muka haɗa da hoce mai zafi, wato gurasar dawa irin ta ƙasar, wanda wata tsohuwa ta rantse mana ba a yin irinsa a birni, kuma na yarda da ita.

Da la'asar na zaga cikin gari. Masaƙa suna ta aiki a inuwa, marina hannu baƙi ƙirin har gwiwa, amma ni bango nake kallo. Wannan tafiyar ta sa idona ya koma kan abin da na girma ina gani ban taɓa dubawa ba. Kusan kowane soro an yi masa sabon yaɓe saboda damina, kuma in ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun wanda ya shafa, layi-layi, wani hannun babba wani ƙarami. Na tsaya wurin wani dattijo da ke zaune a kan katangar zaure, ana jefa masa curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa ba ya ko dubawa. Ya tambaye ni sana'ata, na ce ina zana gine-gine a takarda. Ya ce madalla, to in zana masa inuwa ya ɗan huta. Mutanensa suka yi dariya, ni ma na taya su.

Washegari muka sami wata motar zuwa Goronyo. Ita wannan ba ta sa mu turi ba, sai dai tana tsayawa shan ruwa fiye da raƙumin da ya dawo daga Azbin. Hanya ta bi gefen fadamar Rima, ana ta wuce jakuna da mangalolin albasa da busasshen kifi. Muka isa kafin azahar.

Yayata na tsakar gida tana sheƙar gero. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa nika gani haka? Malam na birni ya ɓace hanya halan?"

Ba ta bari na amsa ba, ta wanke ni tas a tsaye: shekara huɗu, ko sallar layya, ko gaisuwar rasuwar gwaggo, sai saƙon goro a bakin direbobi. Tana faɗa tana share ido da gefen zane, tana kuma ƙwala wa maƙwabciya kira a kamo mata zakara. Kafin in shiga wurin Baba ta ja ni gefe. Ta ce duk Goronyo babu wanda bai san labarin simintin nan ba. Duk baƙon da ya zauna kusa da Baba sai ya ji cewa autansa na birni ya yi wa masallacinsa riga irin ta gidan Razdan, babban Baturen mulki. Mai kifi ya ji, wanzami ya ji sau ba adadi.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame, gemun ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannu.

"Auta na? Matso in ji ka."

Ya shafa fuskata da tafin nan nasa mai kaushi, ya taɓa kafaɗa, ya ce na yi ƙiba, birni ya karɓe ni. Bai ce don me ban zo ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan mun ci tuwo na ce masa masallaci na son ɗan gyara, liman yana so ya je ya duba. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Bai tambaye ni ko wane irin gyara ba ne, sai ya ce wa Yaya ta nemo masa sandarsa da tsohuwar hularsa ta aiki.

Daga Goronyo zuwa Rabah ba mu bi ta mota ba, muka yanke ta daji. Mijin Yaya ya ba mu jaki, Baba a bisa, ni ina riƙe da igiya, birkila a baya da tulun ruwa yana ƙorafin takalminsa. Zafin bazara ba ya barin tafiyar rana, sai mu fita da sassafe, hantsi na ɗagawa mu nemi inuwa, sai la'asar mu ci gaba. Gonaki duk an share an ƙone, ana jiran sama. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an tare mu da ruwan gumba, kuma abin mamaki, a wurare da yawa an san Baba. Wannan ya ce shi ya yi wa ubansa zaure, wancan ya ce rumbunsu aikinsa ne. Shi kuwa sai ya tambayi ginin kamar mai tambayar lafiyar ɗa, ko an sauya indararo, ko tsagar nan ta arewa ta ƙaru.

A wajen Sisawa muka yada zango a gindin wata tsamiya. Nan na ga in ban fara ba yanzu ba zan fara ba, na ciro littafin. Na ce Baba akwai wasu gine-gine na Nasara na dā da nake so in ba shi labari. Birkila ya matso yana leƙe, ya ce shi dai cocinsu na Sakkwato kwano ne da katako, bai taɓa sanin danginsa na da irin wannan dukiya ba.

Ta yaya za ka nuna wa makaho hoto? Na share yashi, na kama yatsan Baba na ja shi a ƙasa: ga ginshiƙi, ga baka ya tashi ya sauka a kan na gaba, ga wani, ga wani, a jere har ƙarshen ɗaki. Na ja masa rufin da ke tafiya kamar an kifa kwalekwale, da inda rufi biyu suka gitta. Yana isa nan ya tsayar da hannuna, ya ce ai wannan ɗaurin guga ne, wa ya koya musu? Na gaya masa bakin ƙofofinsu baka ne cikin baka cikin baka, kowanne ya ɗan shige ciki, an sassaƙa ganye da namun daji da mutane a kan ginshiƙan. Wannan bai dame shi ba. Kaurin bangon ya tambaya, na ce wani wurin ya fi kamu huɗu. Ya tambayi tagogi, na ce ƙanana ne, can sama, cikin ɗakin da duhu-duhu. Ya tambaya ko akwai abin da ke dafe bangon ta waje, na ce akwai, an yi masa madogarai na dutse don nauyin rufin yana tura shi waje. Sai ya gyaɗa kai.

"Mutumin ga tsoro garai," in ji shi. "Na san tsoron ga. Dut wanda yaɗ ɗora rufi bisa kawunan masu ibada ya san shi. Allah ya sa bai ga abin da yaka tsoro ba."

Ban taɓa tunanin akwai mutum a bayan hotunan nan ba, ni dutse kawai nake gani da yawan shekaru. Baba kuwa cikin ɗan lokaci ya sami abokin sana'a, har yana jin tausayinsa.

Ya so ya san yadda suke riƙe dutse a sama kafin baka ya haɗu. Na ce sai sun fara kafa baka na katako, su jera duwatsun a kansa daga hagu da dama, su sa na tsakiya ya kulle, sannan su zare katakon. Abin ya ba shi dariya, ya ce ashe baka biyu suke yi a biya su ladan ɗaya. Namu ba haka ba ne. Azara ake kafawa, wato tsagin giginya, a jingina ta ta ɗan leƙo, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta sha iska, sannan a kafa ta gaba a kanta ta ƙara leƙowa. Hawa-hawa, daga ɓangare biyu, har su yi gaisuwa a sama. Ya ce amma ranar zare katakon nan yake so ya ji, wa ke tsayawa a ƙarƙashi? Na ce littafin bai faɗa ba.

Daga nan ya yi tambayar da nake gudu, ya ce wa ke yi musu yaɓe. Na ce dutse ba ya son yaɓe. Ya ce to, in babu yaɓe, me ke tara 'yan gari a jikin ginin? Nan na tuna ranar yaɓe a ƙauyenmu, mata na kawo ruwa, samari na cuɗa ƙasa, waɗanda ke nesa da gida duk sun dawo, ana dafa dambu a ƙofar liman. Na kuma tuna abin da na yi shekara uku ina mantawa da gangan: Baturen ya gaya mini tun a ranar cewa da yawa daga majami'un nan sun rushe, waɗanda suka tsaya kuwa ba a taɓa ɗauke hannu daga kansu ba, kullum akwai magina a gindinsu. Rabin maganarsa na ɗauka, rabin da ya yi mini daɗi. Ga ƙofa ta buɗe da zan faɗi gaskiya, amma na rufe littafin na ce rana ta yi sanyi, mu tashi.

Mun shiga Rabah ranar kasuwa. Gulbi ya janye ya bar yashi fari, mata na tona shi suna ɗibar ruwa. Birkila ya ɓace cikin rumfunan masu tsire, ni kuwa Baba ya ce in kai shi wurin masu azara. Ya sauka daga jaki ya bi su ɗaya-ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce, ya sunsuna. Mai kayan ya fara yabon hajarsa, Baba ya ce masa wannan ta macen giginya ce, ya ajiye wa mai yin rumfar awaki, ya fito da ta namiji da ya ɓoye a baya. Mutumin ya yi dariya ya fito da ita. Baba ya zaɓi goma sha biyu, ya sa aka nemo makuba da katsin marina, abubuwan da ake haɗa yaɓen da ke hana ruwa shiga. Na yi mamakin mutumin da aka ce wa ɗan gyara, bai ko taɓa ginin ba, yana sayen azarar baka guda. Amma hankalina na kan abin da ke jirana, ban bi ta kai ba.

Mun wuce Rara da hantsi, muka isa ƙauyenmu kafin azahar. Daga nesa masallacin ya yi kyau abinsa, fari-fari, sumul, shi kaɗai a cikin jajayen gidaje. Sai ka matso za ka ga tsaga ta bi shi ko'ina kamar tsohuwar ƙwarya. Liman da dattawa suka taryo mu, ana ta gaisuwa, kowa na kauce wa maganar. Baba ya ce a kai shi ciki.

Ya cire takalmi, ya dafa bango da tafinsa, ya bi shi a hankali yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa. Ta yamma sautin a cike yake. Yana zuwa ƙafar baka ta gabas, kusa da inda liman ke tsayawa, sai sautin ya koma fanko. Ya ce birkila ya fasa nan. Guduma ɗaya, siminti ya zubo faifai guda, wani wari na rumfar da ruwa ya kwana a ciki ya bugo mu. Ƙasar bayan ta yi laushi a tsakiyar bazara. Baba ya tura hannu har wuyan hannu, ya jawo guntun azara baƙi, ya murje shi da yatsa biyu ya zama gari. Ya ce wa liman su ɗan ba shi wuri da ɗansa.

Da suka fita na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, simintin na. Shi yar riƙe ruwa. Ni nak kashe maka gini."

"Na sani," in ji shi. "Tun randa anka ce man an shafa shi nas sani. Ƙasa numfashi taka yi, Auta. In ta sha ruwa da damana, sai ta fidda shi da rani. Kai ko ka toshe mata hanci."

Na ce to me ya hana shi aikowa a ɓamɓare tun a shekarar farko, alhali kalma ɗaya tasa ta isa? Ya daɗe yana murza garin azarar nan a tafinsa.

"Shekara guda ban ji ɗuriyarka ba, sai ga abu ya zaka daga wurinka, da sunana. In aika a ce ban so? Shi kaɗai ag gare ni da zan nuna ma mutane in ce Auta bai mance ni ba." Ya goge hannunsa a riga. "Amma na yi kuskure. Na bar shi bisa kawunan masu salla don daɗin raina. Da ya faɗo ma wani, ni ad da alhaki, ba kai ba. Laifin ga namu na mu biyu, sai mu gyara shi mu biyu."

Ba na jin kunyar gaya muku na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna. Shi kuwa ya bar ni na yi, hannunsa a kaina, sannan ya ce ya isa, rana na tafiya, hadari ba ya jiran mai kuka.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna aiki. Aka fara tokare rufin da itatuwa, aka ɓamɓare simintin kaf, birkila da kansa ya ja gaba, yana yi yana cewa bai taɓa rushe aikin da ya yi kyau haka ba. Ƙafafu uku na bakan lafiyarsu lau, sun sha iska kwana biyu suka bushe. Ta gabas aka sauke har ƙugu. Magina biyu da Baba ya koya wa aiki, yanzu duk da furfurarsu, su suka hau. Shi yana zaune a tabarma, ana kawo masa kowane kwaɓi ya matsa a hannu, ya ce a ƙara ciyawa ko a bar shi ya kwana. Ni aka ba ni cuɗa ƙasa. Ranar farko na faɗi sau biyu a cikin kwaɓin, matan da ke kawo ruwa suka samu abin hira har na bar garin. Ina ta ƙagara, don kullum da la'asar gabas sai ta haɗe ta yi baƙi, na ce a kafa hawa biyu rana ɗaya. Baba ya ce gaggawata ce ta kawo mu nan, in koma bakin kwaɓina.

Ranar da za a cire tokaran ya ce a shimfiɗa masa buzu daidai ƙarƙashin bakan, kowa ya fita. Haka yake yi a duk ginin da ya gama. Na ce ni ba inda za ni, na zauna kusa da shi. Aka zare na farko, aka zare na biyu, 'yar ƙasa ta zubo mana a ka. Aka zare na ƙarshe. Baba ya karkata kunne sama ya saurara, ya saurara, sannan ya ce a kira liman ya yi kiran azahar.

Ruwan fari ya sauko kwana biyu bayan an gama yaɓen rufi, da la'asar, muna cikin masallacin. Ana idar da salla babu wanda ya tashi. Kowa ya ɗaga kai yana neman ɗigo, Baba kaɗai ya sunkuyar da nasa yana sauraren indararo. Ko ɗigo ɗaya bai sauko ba. Dattijon da ya fi kowa son rumfar kwano shi ya fara zuwa ya kama hannunsa.

Baba ya ƙi komawa Goronyo, ya ce sai ya ji yadda ginin zai ci daminarsa, wani ƙanensa da ke ƙauyen zai kula da shi. Da na je sallama da safe yana zaune da liman a ƙofar masallaci. Ya sa mini albarka, bai ce in riƙa zuwa ba, bai ce in riƙa aike ba. Sai da na juya na ji yana gaya wa liman, da ƙarfi yadda zan ji:

"Bayan kaka in za a yaɓe, ku bar bangon gabas. Kada kowa ya taɓa shi. Na Auta na."

Muka taka zuwa Rabah cikin laka, muka sami motar gyaɗa da ta kawo mu Sakkwato da yamma, birkila na barci a kafaɗata, ƙafafuna duk sun yi jawur sun tsattsage. Maiɗakina ta ce in tsaya a waje tukuna, ba ta san wannan manomin ba.

Na tafi ina ganin ƙarfin gini a jikin abin da aka yi shi da shi yake, dutse ko siminti. Na dawo na san majami'un Rumawan nan da masallacin Baba abu ɗaya ya tsayar da su, wato akwai waɗanda ba su daina dawowa suna duba su ba. Na kuma gane ban sayi simintin nan don ginin ya shekara ɗari takwas ba. Na saye shi ne don kada a ƙara bukatata a gida, kuma tsohon da na yi wa haka ya karɓa yana godiya.

Jiya na kai takardar neman hutu na bayan kaka, wata biyar kafin lokaci. Akawu ya dawo mini da ita ya ce ban cike wurin dalili ba. Na karɓi alƙalaminsa na rubuta: yaɓe.